BABI NA UKU: MATSALAR ƊOREWAR KAI A RA'AYIN MASANA FALSAFA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi ya ƙunshi bayani a kan wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana falsafa tuwo a ƙwarya, wato mene ne yake sa mutumin da ake gani yau ya zama shi ne dai wanda aka gani shekaru talatin da suka wuce, alhali jikinsa ya sauya, tunaninsa ya sauya, kuma ya manta da mafi yawan abubuwan da ya aikata a wancan lokaci. A harkokin yau da kullum ba a cika damuwa da wannan tambaya ba, to amma abubuwa masu nauyi sun rataya a kanta. Ba a neman bashi sai a hannun wanda ya ci, ba a hukunta kowa sai wanda ya yi laifin, haka kuma imani da sakamakon Lahira ya ginu ne a kan cewa wanda za a tayar shi ne wanda ya yi aikin.

An kasa ra'ayoyin masana zuwa gida uku: masu jingina al'amarin ga jiki, da masu jingina shi ga rai, da kuma masu jingina shi ga tunawa. Bayan haka an kawo wata shari'a da aka yanke a Amurka a 2019 don a gwada ra'ayoyin a kanta. Manufar babin ita ce nuna cewa tambayoyi biyu ne aka daɗe ana cakuɗawa: ta farko, ko wannan mutum shi ne wancan, ta biyu, ko ya dace a kama shi da alhakin abin da wancan ya yi.

3.1 Ma'anar Ɗorewar Kai

Kalmar "kai" a Hausa tana nufin sashen jiki da ke bisa wuya, tana kuma nufin mutum shi da kansa, kamar a cikin "ya cuci kansa" ko "ni da kaina na gani". Ma'ana ta biyu ce ake nufi a nan. Saboda haka "ɗorewar kai" na nufin kasancewar mutum shi ne shi daga wani lokaci zuwa wani lokaci, duk da sauye-sauyen da suka same shi a tsakani.

Ya kamata tun da farko a bambanta kama da zama abu ɗaya. Tagwaye suna iya yin kama har uwarsu ta riƙa ruɗewa, amma duk da haka su biyu ne. A ɗaya ɓangaren kuwa, jaririn da aka raɗa wa suna da dattijon da ya zama bayan shekara 70 ba su da wata kama ta a zo a gani, amma mutum ɗaya ne. Idan aka ce wane ya zama wani mutum daban tun da ya sami muƙami, ana nufin halinsa ne ya sauya, domin in da gaske wani ne daban, da babu dalilin yi masa gori.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin abin da ake gane mutum da shi da abin da ya sa shi ya zama shi. Zanen yatsa da hoto da sa hannu shaidu ne kawai. Wanda ya rasa yatsunsa a hatsari ya rasa shaida, amma bai daina zama shi ba. Masana falsafa ba shaida suke nema ba. Suna neman abin da in ya tafi, mutumin ya tafi.

3.2 Ra'ayin Masu Jingina Ɗorewar Kai ga Jiki

Amsar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce, mutum shi ne jikinsa, kuma muddin jikin nan yana raye to mutumin yana nan. Matsalar wannan amsa tsohuwa ce. Marubucin Girka, Plutarch, ya ba da labarin cewa mutanen Atina sun adana jirgin ruwan jaruminsu Theseus har tsawon ƙarnuka, duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan shi ne na asali. Thomas Hobbes (1655) ya ƙara wa matsalar tsanani da ya ce, a ƙaddara wani ya riƙa tara tsofaffin katakan da ake cirewa, daga baya ya harhaɗa su ya yi jirgi. Yanzu ga jirage biyu, kowanne yana da hujjar cewa shi ne na Theseus: ɗaya yana da ci gaban siffa da amfani, ɗaya yana da ainihin kayan.

Jikin ɗan Adam ya yi kama da wannan jirgi. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kimanin kwana 120 ne kafin a maye gurbinsu, ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin hanji kuwa 'yan kwanaki kaɗan suke yi. Sai dai maganar da ake yawan yi cewa jiki dukkansa yana sabuntuwa duk shekara bakwai ba ta inganta ba. A 2005 Jonas Frisén da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun auna shekarun ƙwayoyin jiki ta hanyar bin sawun wani nau'in sinadarin kabon da gwaje-gwajen bama-baman nukiliya suka watsa a iska kafin 1963. Sun gano cewa ƙwayoyin jijiya na ɓawon ƙwaƙwalwa, a sashen da suka auna, sa'o'in mai su ne, wato ba a sauya su ba tun haihuwa. Wannan ya sa wasu masana suka taƙaita ra'ayin, suka ce ƙwaƙwalwa ce mazaunin ɗorewar kai, ba jiki duka ba.

Ra'ayin jiki bai rasa magoya baya ba a wannan zamani. Eric Olson (1997) ya kafa hujja da cewa kowane mutum ya taɓa zama ɗan tayi wanda ba shi da tunani ko kaɗan, kuma yana iya ƙarewa a doguwar suma wadda babu tunani a cikinta. Idan ɗan tayin nan da mai sumar nan duk shi ne, to ke nan abin da ya haɗa su shi ne ci gaban rayuwar halitta guda mai rai, ba tunani ba.

3.3 Ra'ayin Masu Jingina Ɗorewar Kai ga Rai

Gida na biyu su ne masu cewa akwai wani abu a cikin mutum wanda ba jiki ba ne, ba ya rarrabuwa, ba ya kuma sauyawa da sauyawar jiki. Daga cikin fitattun masu wannan ra'ayi akwai Ibn Sina, wanda aka haifa a kusa da Bukhara wajen shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037. A sashen da ya yi magana a kan rai cikin littafinsa Kitabus Shifa, ya buƙaci mai karatu ya ƙaddara wani mutum da aka halitta farat ɗaya, cikakke, yana rataye a sarari, idanunsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ta yadda babu wadda take taɓa wata, ba ya jin sauti ko iska. Ibn Sina ya ce wannan mutum ba zai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, amma ba zai yi shakkar cewa shi akwai shi ba. Tun da ya tabbatar da kansa ba tare da ya tabbatar da jikinsa ba, ke nan abin da yake kira "ni" wani abu ne daban da jiki.

Imam Gazali (1058–1111) ya soki masana falsafa irin su Ibn Sina a kan mas'aloli 20 a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kuma kafirta su a kan uku, ciki har da musun tayar da jikkuna. Ɗaya daga cikin hujjojin da masana falsafar suka kafa ita ce ta mutumin da ya ci naman wani mutum: idan naman ya zama sashen jikin wanda ya ci, to ga wa za a mayar da shi ranar tashi? Abin lura shi ne yadda Gazali ya amsa. Ya nuna cewa babu abin da zai hana a mayar da rai cikin jiki, ko an gina jikin daga kayansa na farko ko daga wasu, domin ko a duniya sassan jikin mutum suna sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa, amma ba a ce ya zama wani ba. Wato a wannan gaɓa duka ɓangarorin biyu sun jingina ɗorewar ga rai, saɓaninsu a kan makomar jiki ne.

Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne yana ba da amsa yankakkiya, babu rabi da rabi. Rauninsa a fagen muhawarar hankali kuwa shi ne ba a ganin rai, saboda haka ba a iya amfani da shi wajen raba gardama idan aka yi saɓani a kan wani mutum. Wannan giɓi ne John Locke ya yi ƙoƙarin cikewa.

3.4 John Locke da Ra'ayin Tunawa

John Locke (1632–1704) masanin falsafa ne kuma likita ɗan ƙasar Ingila. Littafinsa a kan fahimtar ɗan Adam ya fito a ƙarshen 1689, amma babin da ya shafi ɗorewar kai sai a bugu na biyu na 1694 aka ƙara shi, bisa shawarar abokinsa William Molyneux na ƙasar Ailan. Kusan duk muhawarar da aka yi a Turai a kan wannan batu tun daga lokacin, martani ce ga wannan babi.

Locke ya fara da cewa ba a iya tambayar ko abu shi ne shi sai an fayyace wane irin abu ake nufi. Tarin ƙasa yana zama shi ne muddin ba a ɗebe ko an ƙara ba. Itace kuwa yana zama shi ne daga tsiro har girma, ko da duk kayan jikinsa sun sauya, saboda rayuwa ɗaya ce take gudana a cikinsa. Daga nan sai ya raba abubuwa uku da aka saba haɗawa: rai a matsayin jauhari mai tunani, da ɗan Adam a matsayin jiki mai rai, da kuma mutum a matsayin mai hankali wanda yake sane da kansa a lokuta da wurare daban-daban. A ganinsa, mutum yana miƙewa baya ne gwargwadon inda saninsa da kansa ya kai. Duk aikin da yake iya tunawa cewa shi ya yi, to nasa ne.

Don ya bayyana wannan, ya kawo misalin ɗan sarki da mai gyaran takalma. A ƙaddara ran ɗan sarki, ɗauke da duk abin da yake tunawa, ya koma jikin mai gyaran takalma. Maƙwabta za su ce ɗan Adam ɗin nan shi ne dai mai gyaran takalman da suka sani, amma mutumin da ke ciki ɗan sarki ne, kuma ayyukan ɗan sarki kaɗai za a tambaye shi. Locke bai musa samuwar rai ba. Abin da ya ce shi ne, ko da an tabbatar wa wani cewa ran da ke jikinsa shi ne wanda ya taɓa zama a jikin wani jarumin zamanin da, muddin ba ya tuna komai na wancan, to ba shi da dalilin ɗaukar ayyukansa a matsayin nasa.

Dalilin da ya kai Locke ga wannan matsayi shi ne batun sakamako. Ya bayyana cewa kalmar "mutum" kalma ce ta shari'a, wadda aikinta shi ne jingina ayyuka da lada ko azabarsu ga mai su. A wurinsa, azabtar da wani a kan abin da ba shi da masaniya a kai ko kaɗan bai bambanta da a halicce shi cikin azaba tun farko ba. To a nan sai matsalar mashayi ta taso: wanda ya yi ɓarna cikin maye, ya wayi gari ba ya tuna komai, me ya sa kotu take hukunta shi? Locke ya amsa cewa alƙalan duniya ba su da hanyar rarrabe mantuwar gaskiya da ta ƙarya, don haka suna hukunci da abin da aka tabbatar, amma a Ranar Hisabi, da asirin zukata zai bayyana, ba za a tambayi kowa abin da bai san da shi ba. Wannan amsa ta nuna cewa a wurin Locke tambayoyin nan biyu, ta ɗorewa da ta alhaki, tambaya ɗaya ce.

3.5 Sukar Butler da Reid

Joseph Butler (1736), malamin cocin Ingila, ya ce Locke ya ɗora keke a gaban doki ne ta fuskar hujja, domin tunawa ba ta iya zama tushen ɗorewar kai tun da ita kanta tana buƙatar ɗorewar. Mutum yana iya jin kamar yana tuna abin da bai taɓa faruwa da shi ba, kamar yaron da aka sha ba shi labarin wani abu har ya ɗauka ya gani da idonsa. Abin da ya raba tunawa ta gaskiya da ta ƙarya shi ne a ta gaskiya mai tunawar shi ne wanda abin ya faru da shi. Ke nan sai an riga an san cewa shi ne kafin a kira abin tunawa. Tunawa tana bayyana ɗorewa, ba ita take samar da ita ba.

Thomas Reid (1785), ɗan ƙasar Sikotilan, ya kawo suka ta biyu ta hanyar misali. Wani yaro an yi masa bulala a makaranta saboda satar 'ya'yan itace a lambu. Da ya girma ya shiga soja, ya ƙwace tutar abokan gaba a yaƙinsa na farko, kuma a lokacin yana tuna bulalar. Da ya tsufa ya zama janar, yana tuna ƙwace tutar, amma ya manta da bulalar sarai. Bisa ƙa'idar Locke, hafsan shi ne yaron, janar ɗin kuma shi ne hafsan, amma janar ɗin ba shi ne yaron ba. Wannan kuwa ya saɓa wa ƙa'idar hankali da ta ce idan na farko shi ne na biyu, na biyu kuma shi ne na uku, to dole na farko ya zama shi ne na uku.

Magoya bayan Locke na ƙarni na 20 sun gyara ra'ayin ta hanyar cewa ba lalle ne tsoho ya tuna ƙuruciyarsa kai tsaye ba, ya isa a sami sarƙa wadda kowace gaɓa take riƙe da ta kusa da ita. Igiyar rama ba ta da zare ɗaya da ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe, amma igiya ɗaya ce saboda zaruruwan sun hau kan juna. Haka kuma sun faɗaɗa sarƙar ta haɗa da niyya da imani da hali, ba tunawa kaɗai ba. Sai dai wannan gyara ya zo da hasara: janar ɗin ya koma shi ne yaron, amma ba ya jin satar a matsayin tasa, wanda kuwa shi ne abin da Locke ya gina alhaki a kansa.

3.6 Hume da Parfit: Masu Rage Wa Tambayar Nauyi

David Hume (1739) ya bi wata hanya daban. Ya ce duk lokacin da ya leƙa cikin kansa, abin da yake cin karo da shi shi ne wani ji na musamman, kamar zafi ko sanyi, so ko ƙi, amma bai taɓa kama wani abu da ake kira "kai" shi kaɗai ba. Saboda haka ya ɗauki mutum a matsayin damin ji da tunani masu bin juna da sauri, ya kuma kwatanta shi da ƙasa wadda mutanenta da dokokinta suke sauyawa amma ana ci gaba da kiranta da suna ɗaya. Wannan kishiyar abin da Ibn Sina ya faɗa ne, domin shi yana ganin sanin kai yana nan ko da an ɗauke duk wani ji. Hume da kansa ya amsa a ratayen da ya buga a 1740 cewa bai gamsu da bayaninsa ba, domin ya kasa nuna abin da ya ɗaure damin.

Derek Parfit (1942–2017) na Jami'ar Oxford shi ne ya kai wannan hanya matuƙa, a maƙalarsa ta 1971 da littafinsa na 1984. Ya dogara da abubuwa biyu da likitoci suka tabbatar. Na farko, akwai mutanen da aka cire musu ɓari guda na ƙwaƙwalwa suka ci gaba da rayuwa. Na biyu, a shekarun 1960 an yi wa wasu masu farfaɗiya mai tsanani tiyatar yanke jijiyoyin da suka haɗa ɓarin dama da na hagu, kuma binciken Roger Sperry, wanda ya sami lambar Nobel a 1981, ya nuna cewa a wasu gwaje-gwaje kowane ɓari yana iya sanin abin da ɗayan bai sani ba.

Daga nan Parfit ya ce a ƙaddara an raba ƙwaƙwalwar mutum biyu, an dasa kowane ɓari a jiki daban, duka biyun suka farka suna tuna rayuwarsa, suna da halinsa. Wanne ne shi? Ba za a ce duka biyun ba, domin su biyu ne shi kuwa ɗaya. Ba za a zaɓi ɗaya ba, domin babu abin da ya fifita shi. Idan kuma aka ce ya mutu, to abin da mamaki, domin da ɓari ɗaya kaɗai aka dasa da an ce ya rayu, ta yaya nasara biyu za ta zama mutuwa? Parfit ya yanke cewa tambayar ba ta da amsa mai zurfi, kuma ba ita ce abin damuwa ba. Abin da ke da muhimmanci shi ne alaƙar tunani da hali tsakanin mutumin jiya da na gobe, ita kuwa tana da daraja-daraja, tana ƙarfi tana rauni. Ya kuma nuna cewa idan haka ne, ana iya cewa cancantar hukunci tana raguwa gwargwadon raunin alaƙar, kamar dattijo ɗan shekara 90 mai kyakkyawan tarihi da aka gano ya ji wa ɗan sanda rauni cikin maye yana ɗan shekara 20.

3.7 Gwajin Ra'ayoyin a kan Shari'ar Madison

Misalan da suka gabata ƙaddarawa ce, amma akwai shari'ar da ta kawo matsalar gaban alƙalai. A 1985 Vernon Madison ya harbe wani ɗan sanda har lahira a birnin Mobile na jihar Alabama, aka yanke masa hukuncin kisa. Ya shafe fiye da shekara 30 a kurkuku ana ɗaukaka ƙara. A 2015 da 2016 ya gamu da bugun jini a ƙwaƙwalwa, abin da ya jawo masa ciwon gushewar tunani, har lauyoyinsa suka ce ba ya tuna kisan ko kaɗan, don haka bai kamata a kashe shi ba.

Idan aka bi Locke sau da ƙafa, wanda yake kurkuku ɗan Adam ɗin 1985 ne amma ba mutumin 1985 ba ne, kuma uzurin da ya ba alƙalai game da mashayi ya raunana a nan, tun da likitoci suna iya nuna ɓarnar da ciwon ya yi a ƙwaƙwalwa. Idan aka bi Parfit, alaƙar ta yi rauni ƙwarai, cancantar hukunci ma ta ragu. Masu ra'ayin jiki da masu ra'ayin rai kuwa za su ce shi ne, babu ko tantama.

Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci ranar 27 ga Fabrairu, 2019, da rinjayen alƙalai 5 a kan 3, Mai Shari'a Elena Kagan ce ta rubuta ra'ayin masu rinjaye. Kotun ta ce rashin tuna laifi shi kaɗai ba ya hana zartar da kisa, domin mutum yana iya fahimtar dalilin hukuncinsa ko da ba ya tuna aikin. To amma idan ciwon ya kai ga ba ya iya fahimtar abin da ya sa za a kashe shi, tsarin mulki ya hana, ko ciwon hauka ne ko na gushewar tunani. An mayar da shari'ar kotun Alabama don ta sake dubawa, sai dai Madison ya rasu a kurkuku a Fabrairun 2020 ba tare da an zartar da hukuncin ba.

Abin lura a nan shi ne kotun ba ta yi shakkar cewa shi ne ya yi kisan ba. Ta bar tambayar ɗorewa yadda take, ta mayar da hankali ga halin da yake ciki a lokacin hukunci. Irin wannan rarrabewa sananniya ce a fikihun Musulunci. An ɗauke wa yaro da mai barci da mahaukaci nauyin hukunci, amma babu wanda ya ce sun zama wasu mutane: dukiyar wanda ya haukace tana nan a matsayin tasa, yana gado ana kuma gadonsa. A mazhabar Malikiyya, idan wanda ya yi kisa ya haukace bayan laifin, ana jiran ya dawo hayyacinsa kafin a yi masa ƙisasi. Shi ne dai mai laifin, amma hukuncin yana jiran hankalin da zai karɓe shi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ra'ayoyi uku a kan ɗorewar kai, aka ga cewa kowanne yana da inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Ra'ayin jiki ya dace da yadda ake gane mutane, amma jirgin Theseus yana damunsa. Ra'ayin rai yana ba da amsa yankakkiya, amma ba a iya kafa shi shaida a gaban masu jayayya. Ra'ayin tunawa ya kama abin da ya sa mutum yake damuwa da jiyansa da gobensa, amma Butler da Reid sun nuna cewa tunawa shaida ce ba tushe ba.

Gudummawar Locke ita ce ya nuna cewa hukunci ba shi da ma'ana idan bai sami hankalin da zai fahimce shi ba. Kuskurensa kuwa shi ne ya ɗauka cewa duk inda alhaki ya faɗi, to mutumin ma ya tafi. Shari'ar Madison da hukunce-hukuncen fikihu sun nuna ana iya cewa "shi ne" a kuma ce "ba za a hukunta shi a wannan hali ba" ba tare da an yi tufka da warwara ba. Wannan rarrabewa tana kare wanda hankalinsa ya gushe ta fuska biyu: ba a azabtar da shi a kan abin da ba ya fahimta, ba a kuma ƙwace masa sunansa da dukiyarsa da danginsa da hujjar cewa ya zama wani.